Yadda ake buɗe kwamin wanka na bayan gida bayan hunturun Amurka da Kanada

Duk wanda ya sayi gida mai kwamin wanka a jihohin Amurka masu sanyi, irin su New Jersey, Ohio, Maryland da Michigan, ko a lardin Ontario na Kanada, aiki biyu ke jiransa kowace shekara: rufewa a watan Satumba ko Oktoba, da buɗewa bayan ƙanƙara ta narke. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kuma ba laifi ka kira su a shekarar farko, ka tsaya a kansu kana kallo kana tambaya. Amma buɗewar ba ta fi ƙarfin magidanci ba. Mutum biyu da yini guda sun isa aikin hannun. Abin da ya rage gwaji ne da jira, daga kwana uku zuwa mako, gwargwadon halin da ka tarar da ruwan.

Kafin ka taɓa komai, ka san abin da aka yi lokacin rufewa, don shi za ka warware. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ƙarin ya isa ya tsaga fayif, ya fasa gangar filta, ya dare cikin injin jan ruwa. Shi ya sa mai rufewa yake rage ruwan kwamin, ya hura iska cikin fayif-fayif har su bushe, ya toshe bakunansu da matosan roba, ya kwance matosan ƙasan inji da na filta don ruwan ciki ya tsiyaye, sannan ya lulluɓe saman. Duk abin da aka toshe za ka buɗe, duk abin da aka buɗe za ka toshe. Wanda ya riƙe wannan ba zai ruɗe ba.

Lokacin buɗewa

Al'adar Amurkawa ita ce a fara wanka a hutun tunawa da sojojin da suka mutu a fagen daga, Litinin ta ƙarshe a watan Mayu. Mutanen Kanada kuma sukan auna da Ranar Victoria, Litinin ɗin da ke gabanin 25 ga Mayu. Mutane da yawa sai su bar murfin har zuwa makon, su ce ai ba wanda zai shiga ruwan sanyi. A ganina nan ne babban kuskuren yake, kuma shi ke cin kuɗi fiye da komai. Gansakuka tana farkawa ne da zarar ɗumin ruwa ya haura digiri 15 na Salshiyos, wato wajen 60 a ma'aunin Faranhait da ake amfani da shi a Amurka. A lokacin kulorin ɗin da aka zuba tun kaka ya daɗe da ƙarewa, rana tana dukan murfin, ruwan yana tsaye ba motsi. Wanda ya buɗe a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu yakan tarar da ruwa garau ko mai ɗan duhu. Wanda ya kai ƙarshen Mayu, musamman mai murfin raga, sau da yawa abin da zai gani ya fi kama da miyar kuka. Kuɗin wutar da inji zai sha a makonni uku ko huɗun da ka riga mutane bai kai kuɗin kulorin da wahalar da za a sha wajen kashe gansakuka ba. Saboda haka ka sayi ma'aunin zafi mai arha, ka zura shi ta gefen murfi. Ka buɗe tun ruwan bai kai digiri 15 ba, ko da ba za a shiga ba sai bayan wata guda.

Akwai wani dalilin kuma. Ruwan saman da ya taru a kan tamfol gidan sauro ne, kuma tun 1999 da cutar West Nile ta ɓulla a New York hukumomin lafiya na can ba sa wasa da ruwan da ke kwance a bayan gida.

Mako guda kafin ranar, ka nemo kwalin da aka zuba ƙananan kaya lokacin rufewa: matosan inji, gejin matsi, kwandunan roba, ƙwayoyin bakin fayif. Masu rufewa da yawa a cikin kwandon injin suke ajiye matosan, can za ka fara dubawa. Sinadaran gwada ruwa na bara ka sauya su, don sukan lalace su ba ka ƙarya. Kulorin na ruwa kuwa kada ka dogara da ragowar bara, ƙarfinsa yana raguwa da ajiya, sabo za ka saya.

Murfi

Murfi iri biyu ne. Akwai tamfol da ake dannewa da jakunkunan ruwa a gefe, akwai kuma na raga da ake ɗaurewa da sifirin a jikin ƙusoshin tagulla da aka binne a daɓe.

Idan tamfol ne, aikin farko shi ne kwashe ruwan da ke kansa da ɗan ƙaramin inji, sannan a janye ganyaye da koma mai dogon sanda. Kada ka yi gajen haƙuri a nan. Baƙin ruwan nan na ruɓaɓɓen ganye, in ka bari ya kife cikin kwami, ka ƙara wa kanka aikin kwana uku. Ka kuma lura: in ka ga kana ta jan ruwa amma tamfol ɗin sai ƙara nutsewa yake, to akwai huda, ruwan kwamin ne kake zubarwa. Dabara mai kyau ita ce ka zura tiyo ta ƙarƙashi kana cika kwamin tun ana gobe, ruwan zai ɗago tamfol ɗin, janyewa ta yi sauƙi. Duk tsawon wannan aiki kada yaro ya kusanci wurin. Tamfol ba ya ɗaukar nauyin mutum, naɗe shi yake yi ya nutse da shi.

Ku biyu ku kama daga ɓangare mara zurfi, kuna ninkewa kuna ja baya. Ɗan ruwan da ya rage zai taru a ƙarshe, ku ɗebe shi da bokiti kafin ku ɗaga. A shimfiɗa tamfol a kan daɓe ko hanyar mota, a wanke da buroshi, a bar shi ya bushe sarai kafin a naɗe. Kada a bar shi a kan ciyawa cikin rana, zai ƙona ta. A ajiye shi a cikin roba mai murfi saboda ɓeraye. Mai murfin raga aikinsa ya fi sauƙi: ya share saman, ya zare sifirin da ƙarfen da aka sayar masa tare da murfin, ya murɗa ƙusoshin tagullar su koma daidai da daɓe don kada su yanki ƙafar wani.

Yanzu ka zagaya ka duba. Ka nemi tsagewa a siminti, tayil da ya ɓanɓare, ko yagewa in kwaminka mai shimfiɗar roba ne. Komai munin ruwan, kada zuciya ta ɗebe ka ka ce za ka zubar da shi duka ka sake sabo. Bayan narkewar ƙanƙara ƙasa a jiƙe take sharaf, kuma nauyin ruwan ciki ne ke danne kwamin. In ka kwashe shi, ruwan ƙasa zai iya ɗago kwamin faiba ko na siminti ya turo shi sama, shimfiɗar roba kuma ta tsuke ta yi tamoji, ba za ta koma yadda take ba. Ruwan da ya yi kore shar magani yana gyara shi. Kwamin da ya taso daga ƙasa kuwa sai gini sabo.

Matosai da inji

Ka cire matosan da ke bakin fayif-fayif ɗin da ke maido ruwa cikin kwami, ka mayar da ƙwayoyinsu. In ka ga kumfar iska ta ɓulɓulo yayin cirewa, alama ce mai kyau, fayif ɗin ya riƙe iska duk hunturu ke nan, bai tsage ba. Sai ka koma bakin da ke jikin bango wanda ke zuƙar ruwan sama, wanda ake kira sikima, ka zare abin da aka cusa masa don kare shi daga ƙanƙara, ka mayar da kwandonsa. In ka ga wani ruwa mai launin hoda, maganin daskarewa ne na kwami, ba shi da guba irin na mota, ɗan abin da ya shiga ba ya cutarwa. Ka cika kwamin har ruwa ya kai tsakiyar bakin sikima. In bai kai ba inji zai sha iska, in ya wuce kuma ba zai iya kwashe dattin sama ba.

Kafin ka sa hannu a inji, ka kashe wutarsa daga babban akwatin wuta na gida, ba daga makunnin da ke kusa da shi kaɗai ba. Yawancin injuna matosai biyu gare su a ƙasa, filta ɗaya, na'urar ɗumama ruwa ɗaya ko biyu, gangar ƙwayoyin kulorin ma tana da nata. Wanda ke da zoben roba a jiki ba ya bukatar komai, wanda babu a naɗa masa farin tef ɗin masu gyaran famfo. Da hannu ake ɗaurewa, a ɗan ƙara kaɗan, don roba ce, in ka matsa da sifana za ta tsage. Zoben robar murfin inji a goge shi, a duba ko ya tsattsage, a shafa masa man silikon. Ban da Vaseline, yana kumbura roba ya lalata ta. Ka mayar da geji a kan filta. Ka tabbata wayar tagullar nan tsirara da ke haɗe da jikin inji tana nan a ɗaure, ita ce ke haɗa duk ƙarafan kwamin don kada wuta ta ja mai wanka. Na'urar ɗumama ruwa kuma a buɗe ƙofarta a leƙa, ɓeraye suna son yin sheƙa a ciki lokacin sanyi har su ci wayoyi.

Sai tayar da inji. Ka buɗe duk bawul na shiga da na fita. Ka cika kwandon injin da ruwa daga tiyo har ya tumbatsa, ka rufe murfin. Ka buɗe ƙaramin bawul ɗin fitar da iska da ke saman filta, sannan ka kunna wuta, ka ja baya, kada ka sunkuya a kan gangar. Iskar da ta matsu a cikin filta tana iya cilla murfinta da ƙarfin da zai raunata mutum, musamman in ɗamarar ƙarfen da ke riƙe da shi ba ta zauna daidai ba. Za ka ji iska tana huci, in ruwa ya fara feshi sai ka rufe bawul ɗin. Idan minti biyu ko uku suka wuce inji bai kama ruwa ba, kashe shi, ka sake cikawa. Injin da ke gudu a bushe yana ƙona abin da ke hana ruwa shiga ɓangaren lantarkinsa. In ya ƙi kamawa bayan ƙoƙari da yawa, ko kana ganin kumfa tana yawo a ƙarƙashin murfin, iska ce ke shiga ta wani wuri, kuma galibi zoben murfi ne ko matoshin da bai ɗauru ba.

Filta iri uku ce. Ta yashi da ta farar hodar da ake kira DE suna da babban bawul mai hannu da aka rubuta wa Filter, Backwash, Rinse, Waste da sauransu. Doka ɗaya ce a kansa: kada a juya hannun inji yana aiki, sai an kashe. Ta yashi a fara da Backwash, wato juya ruwa baya ya wanke yashin, na minti biyu ko uku har ruwan da ke fita ya washe, sai Rinse na rabin minti, sannan Filter. Ta hoda a zuba mata hodarta ta bakin sikima da zarar ta fara aiki, kimanin laba ɗaya ga kowace ƙafa 10 murabba'i ta faɗin filtar, kuma a sa takunkumi don ƙurar ba ta da kyau ga huhu. Ta uku mai katirij ce, wato naɗaɗɗen ƙyalle mai tace ruwa, ita wankewa kawai ake yi da tiyo a mayar. Kowacce ce taka, ka rubuta lambar da geji ya nuna lokacin da take da tsabta, ko da a jikin gangar ne da maka. Duk ranar da ya haura wannan lamba da 8 zuwa 10, lokacin wanki ya yi. A makon farko za ka iya yin haka kullum.

Kafin magani, a kwashe datti. Ganyen da ke kwance a ƙasa cinye kulorin yake yi, duk wanda ka zuba a kansa asara ne. Ka yi ta jan koma a ƙasa ko da ba ka ganin gindin, har ta riƙa fitowa wayam. Ka goge bango da matakala da bayan tsani da buroshi. In laka ta yi yawa a ƙasa, ka zuƙe ta bawul yana kan Waste don ta fice waje kai tsaye ba ta bi ta filta ba, tiyo kuma yana zuba sabon ruwa. Ka binciki dokar garinku kan inda ake zubar da ruwan kwami, don garuruwa da yawa sun hana sakin ruwa mai kulorin cikin magudanar ruwan sama da ke zarcewa rafi.

Gwaji da magani

Nan ne ake ɓarnar kuɗi. Mutum ya shiga kanti, a haɗa masa kwali guda na magunguna, ya dawo ya juye duka bai san me ruwansa yake nema ba. Ka bar inji ya yi aiki aƙalla awa 12, in da hali yini da kwana, don ruwan saman da ya narke daga ƙanƙara ya gauraya da na ƙasa. Sannan ka ɗebi ruwan gwaji, hannunka ya nutse har gwiwa, nesa da bakin da ke maido ruwa. Tsinken takarda da ake tsomawa yana ba da kusan-kusan ne. Kayan gwaji na ɗigo, irin Taylor K-2006, sun fi shi nesa ba kusa ba, kuma su ne ke iya auna kulorin mai yawa. Kantunan kayan kwami da dama suna gwadawa kyauta, ka karɓi takardar sakamakon, amma ka tuna mai kanti kaya yake son sayarwa.

Dole ka san yawan ruwanka, don duk awon magani a kansa yake. In da ƙafa kake awo: tsawo sau faɗi sau matsakaicin zurfi sau 7.5, shi ne galan. Kwami mai ƙafa 32 da 16, matsakaicin zurfinsa ƙafa 5, galan 19,200 ke nan, wajen lita 73,000. In da mita ne, ka ninka ukun, abin da ya fito ka ninka da 1,000, ka samu lita.

Ana auna yawancin abubuwan da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Alkali, wanda shi ne ke riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, kada ya riƙa hawa da sauka, ana son sa tsakanin 80 da 120. Shi kansa pH tsakanin 7.2 da 7.8. Kalsiyam tsakanin 200 da 400 ga kwamin siminti, don ruwan da ba shi da isasshe daga jikin bango yake cin nasa har ya yi kaushi. Mai shimfiɗar roba bai cika damuwa da ƙarancinsa ba. Sai sinadarin da ke kare kulorin daga rana, wanda ake rubutawa CYA, tsakanin 30 da 50.

Da alkali ake farawa. In ya yi ƙasa, bekin soda ne maganinsa, wanda ake sa wa a burodi da cincin, kuma babban buhunsa a kantin abinci ya fi na kantin kwami arha alhali abu ɗaya ne. Laba ɗaya da rabi, wato kimanin giram 680, yana ɗaga galan 10,000 da ppm 10. Kwamin da muka lissafa, in alkalinsa 60 ne kana son 80, laba shida za ka zuba. Bayan wasu awanni sai pH. In ya yi sama, asid ake zubawa kaɗan-kaɗan a ɓangare mai zurfi inji yana aiki, a jira, a sake gwadawa. Ka saukar da shi wajen 7.2 kafin ka zuba kulorin mai yawa, saboda dalili biyu. Kulorin ya fi kaifi a ƙaramin pH, kuma da zarar ya wuce ppm 10 gwajin pH ya daina faɗin gaskiya, sai ya riƙa nuna maka sama.

Maganar CYA tana bukatar a tsaya a kanta, don ita ce mutane suka fi jahilta. In babu shi, rana tana cinye mafi yawan kulorin cikin 'yan awanni. In ya yi yawa kuma, yana riƙe kulorin ya hana shi aiki, sai ka ga gwaji yana nuna akwai magani amma ruwa yana kore. Ƙwayoyin kulorin masu faɗin inci uku da kowa ke so saboda sauƙi suna ɗauke da shi: duk ppm 10 na kulorin da suka bayar, suna barin wajen ppm 6 na CYA, kulorin ya tafi, shi ya zauna. Gidan da aka shekara uku ana ƙwaya kaɗai ba wuya ka tarar ya haura 100. Hanyar da aka tabbatar ta rage shi ita ce sauya wani ɓangare na ruwan, kaɗan-kaɗan, ƙafa ɗaya a lokaci guda, ba duka ba. Ruwan gwajinsa kuma a bar shi ya ɗan yi ɗumi a ɗaki kafin a gwada, don cikin sanyi yakan nuna ƙasa da gaskiya.

Mai cika kwaminsa da ruwan rijiya ya gwada ƙarfe tukuna. Ruwan da ke da baƙin ƙarfe yana zuwa garau, kulorin na taɓa shi sai ya koma ja-ja, ya bar tabo a bango. Akwai maganin da ke riƙe ƙarfen, shi ake fara zubawa a bar shi ya zagaya. Masu kwami a Abuja ko Kano da ke cikawa da ruwan burtsatse sun san wannan. Su ba su da matsalar ƙanƙara, inji ba ya bukatar kwancewa, ƙurar hunturu ce ke cika musu filta, amma daga gwaji zuwa ƙarshe aikin ɗaya ne.

Sai babban zubi. Da magariba ake yi, don kulorin ya samu dare guda yana aiki ba rana. Na ruwa na fi so a buɗewa, don ba ya ƙara CYA ba ya ƙara kalsiyam. Galan ɗaya mai ƙarfin kashi 12.5 cikin 100 yana ɗaga galan 10,000 da kimanin ppm 12. Ana zuba shi a hankali a gaban bakin da ke maido ruwa. In na gari ne, a narka shi a bokitin ruwa tukuna, musamman ga mai shimfiɗar roba, don in ya kwanta a ƙasa zai kore launinta. Magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani. Kada a haɗa iri biyu a bokiti ɗaya ko ludayi ɗaya. Kulorin na gari da na ƙwaya in suka haɗu suna iya kamawa da wuta ko su fashe, kulorin da asid kuma hayaƙi mai guba suke fitarwa. Safar hannu da tabarau ba ado ba ne, kuma ka tsaya iska tana bayanka.

Ruwa mai tsabta zubi ɗaya ya ishe shi. Mai kore kuwa sai an dage. Ka ɗaga kulorin zuwa kimanin kashi 40 cikin 100 na yawan CYA ɗinka: in 30 ne, ppm 12, in 50 ne, ppm 20. Abin da ke kashe gansakuka shi ne riƙe shi a wannan matsayi, don a yinin farko cikin awa biyu za ka ga ya faɗi. Ka gwada sau uku ko huɗu a yini, ka ƙara abin da ya ragu, inji yana aiki dare da rana, buroshi kullum, filta ana wankewa. Ruwan zai tashi daga kore ya koma fari-fari kamar an zuba madara kaɗan, wannan gawar gansakuka ce, aikin filta ne ta kwashe. Masu dainawa a wannan mataki su ne ke sake ganin kore bayan mako. Alamar gamawa uku ce: kana ganin gindin kwami tar, kulorin da ya riga ya haɗu da datti bai wuce 0.5 ba, kuma in ka auna bayan faɗuwar rana ka sake aunawa kafin fitowarta, abin da ya ragu bai wuce ppm 1 ba. Warin nan mai hawa kai da ake cewa kulorin ya yi yawa, na wanda ya haɗu da datti ne, kuma ƙari yake nema.

Mai kwamin gishiri ya sani na'urarsa ba ta aiki sosai cikin ruwan sanyi, yawancinsu suna tsayawa in ɗumi ya gaza digiri 10 zuwa 15. Ya fara da kulorin na ruwa, ya auna gishirin, wanda yawancin na'urori ke so wajen ppm 3,000, sannan ya kunna ta in ruwa ya yi ɗumi.

Kafin kowa ya shiga

Yayin da ruwa ke washewa, ka mayar da tsani da ƙarafan riƙewa, ka ɗaure notinansu, ka duba allon tsalle ko ya tsage. Ka danna maɓallin gwaji na soket da na fitilar cikin ruwa, irin masu yanke wuta da kansu in ta zurare, ka tabbata suna yankewa. Ka leƙa murfin magudanar da ke gindin kwami. In ya fashe ko ya kwance, ba mai shiga sai an sauya, don ƙarfin zuƙar inji yana iya manne mutum a ƙasa. Irin wannan ne ya kashe wata yarinya 'yar shekara 7 a 2002, jikar tsohon sakataren harkokin wajen Amurka James Baker, har aka yi dokar murafen magudana mai ɗauke da sunanta, Virginia Graeme Baker, a 2007.

Shinge ma hunturu yana taɓa shi, ƙasa in ta daskare ta narke takan karkatar da turaku, ƙofa ta daina kama kanta. Ka buɗe ta ka saki daga wurare daban-daban, dole ta rufe ta kulle da kanta kowane karo. Yawancin dokokin gari ƙafa huɗu ne mafi ƙarancin tsayin da suke yarda da shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce nutsewa a ruwa ce ta fi komai kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a ƙasar. Gidajenmu kuwa ba sa rabo da baƙi da 'ya'yansu, ranar suna ko ta Sallah kowa yana zaton wani ne ke kallon yaran. A irin wannan rana a naɗa babba ɗaya wanda ba shi da aiki sai kallon ruwa, ba waya a hannunsa.

Ana shiga ne idan kulorin ya sauko ƙasa da ppm 5, pH yana tsakanin 7.2 da 7.8, kuma ana ganin magudanar gindi daga bakin kwami. Daga nan kada ya gaza ppm 2 ga mai amfani da CYA. Sai a mayar da inji kan agogo, awa 8 zuwa 12 a yini.

A makon farko ka sa ido kan matsayin ruwa. Raguwar kusan rubu'in inci a yini rana ce da iska. In ya fi haka, ka cika bokiti, ka ɗora shi a kan matakala yadda ruwan cikinsa zai yi daidai da na kwami, ka yi wa duka biyun alama da tef, ka dawo bayan awa 24. In sun ragu tare, ba komai. In na kwami ya fi raguwa, akwai yoyo. Ka maimaita gwajin inji a kashe: in raguwar ta tsaya ko ta yi sauƙi, matsalar tana cikin fayif ɗin da ke maido ruwa, in ba ta canja ba kuma a jikin kwamin take, galibi wajen sikima ko fitila. Wannan bayanin za ka ba mai gyara, ya san inda zai fara nema.